Barmo da Turancin Maigadi

A Dogon Marke akwai wani ƙato, Barmo, ɗan Tabawa mai ƙosai. Ci kamar gara, aiki babu. Da masu haƙar rijiyar burtsatse suka zo neman maigadi, Tabawa ta rantse ko ya sami aikin ko ya nemi wata tukunyar. Injiniyansu kuwa ba ya jin Hausa, sai ta tura Barmo ajin manya, wurin Malam Ilu mai Turanci.

Wata rana Malam ya ce, "Ƙananan kalmomin nan, a kan, a ciki, a ƙarƙashi, ba sa zauna wa mutum sai ya ajiye abu a wurin ya faɗa da Turanci." Barmo ya zo gida ya ɗora akuya a kan rumbu, ya tsoma takalminsa cikin ƙullu, ya shige ƙarƙashin gado yana ta faɗa.

"Kai ɗan nan, mene ne wannan a ƙulluna?"

"Karatu ne, Inna."

Ta ɗauko muciya ta ƙara masa darasi.

Wata rana Malam ya koya musu jeri: mai aiki a gaba, aiki ya biyo, abin da aka yi wa aikin can ƙarshe, ba a sauyawa. Washegari kawun Barmo ya ba shi huɗa. Barmo ya ce ai shi ne mai aiki, ya wuce gaban shanu, ya bar garma ba mai riƙo. Shanu suka bi shi har cikin gyaɗar maƙwabci.

Wata rana, ranar gwajin aikin gadi, Malam ya ja kunnen Barmo: "In an yi maka Turanci, kada ka motsa sai ka gama jera amsarka daidai." Injiniya ya ba shi makullin ɗakin kaya ya tafi gari. Can sai ga wani da a-kori-kura, takalmi na ƙyalli, yana zuba Turanci, wai an aiko shi ɗaukar janareta. Barmo ya tokare ƙofa, yana jera kalmomi a yatsu. Mutumin ya daka masa tsawa.

"Ka ga, ranka ya daɗe, ka rikita ni. Sai na koma farko."

Yana cikin komawa aka ji motar Injiniya. Mutumin ya faɗa a-kori-kura ya cika wandonsa da iska, don ba wanda ya aiko shi. Injiniya ya bar wa Barmo makullin, gadi ya zama nasa.

Barmo ya shigo gida ransa a ɓace. "Inna, bawan Allahn nan ya tafi ban amsa masa ba."

Tabawa ta tura masa akushi. "Ya jira. Ci tuwonka."