Kwamfutar da Ke Mutuwa Ƙarfe Bakwai

Wani mai shagon fotokofi ne, Allah Ya jarabce shi da son a kira shi injiniya. Sai ya ji labarin wata manhaja mai tuƙa kwamfuta, wadda ba ta da mai ita, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Masana daga ƙasashe daban-daban suna taɓa ƙwayarta kullum, watau can tsakiyarta, suna kuma neman 'yan sa kai da za su riƙa sauko da sabuwar, su harhaɗa, su gwada, su faɗi inda ta lalace.

Gogan naka ya ce ai shi aka daɗe ana jira. Ya kinkimo tsohuwar kwamfutar shago, ya girke a kan teburin falo.

Matarsa ta ce, "Maigida, wannan akwatin fa?"

"Aikin duniya zan fara. Kullum da safe zan riƙa gwada sabuwar ƙwaya."

Ta dafe ƙirji. "Ƙwaya? Da girmanka, da 'ya'yanka?"

"Ba ta sha ba, ta kwamfuta. Ke dai ki yi ta kallo."

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata sai ya sa kwamfutar ta fara harhaɗawa. Rubutu ya yi ta gudu a fuskarta kamar ruwan famfo, shi kuma ya ɗauki bokiti ya shiga wanka yana waƙa. Kwana uku lafiya lau, har ya fara jin haushi, don ba abin da zai kai rahoto.

Rana ta huɗu ya fito da tawul a wuya, ya tarar da ita ɗif, ta mutu. Ya buga tsalle. "Alhamdu lillahi! Ta lalace!"

Nan take ya rubuta wa masanan. Washegari ma ta mutu, ya sake rubutawa. Suka ce su fa a wurinsu ƙalau take, ya turo bayanan da ta bari. Ya duba, ko wasiyya ba ta bari ba. Wani ya ce zafi ne, gogan naka ya sayo mata fanka. Wani ya ce ƙura ce, ya kwance ta ya hure da bakinsa har ya yi kwana biyu yana atishawa. Wani bawan Allah kuma ya ɗora laifin a kan gyaran da ya shafe wata biyu yana yi, ya janye shi, har da ba da haƙuri.

Kan gogan naka ya kumbura. Ya je aski, ya hana mai aski sakat.

"Yanzu haka mutum arba'in ne ba su da sukuni saboda ni."

Mai aski ya ce, "Me ka yi musu?"

"Na gano abin da ba su gano ba."

"Mene ne shi?"

"To, shi ne ba mu gano ba tukuna."

A rana ta goma wata dattijuwa cikin masanan ta rubuto masa: "Na lura duk rahotanninka ƙarfe bakwai take mutuwa. Gobe ka zauna a gabanta, kada ka motsa."

Ya fasa wanka. Ya ja kujera ya zuba wa kwamfuta ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Bakwai daidai matarsa ta shigo da rigarsa a kafaɗa, dutsen guga a hannu. Ta ce, "Ɗan matsa." Ya matsa, idonsa na kan rubutu. Ta sunkuya bayan tebur. Ɗif!

Ya yi ihu, "Ga shi! A gabana ta yi!"

Sai ya ji ƙamshin guga. Ya leƙa bayan tebur. Fulogin kwamfuta na ƙasa, na dutsen guga na jikin bango.

"Ke! Tun yaushe kike wannan?"

"Tun ranar da soket ɗin ɗaki ya ƙone. Sau uku ina gaya maka, kana cewa in bari kana aikin duniya. Kuma ai in na gama ina mayar maka da abinka."

Ya zube a kujera ya riƙe kai. "Mutum arba'in ke nemanki kwana bakwai! Wani har ya rushe aikin wata biyu! Yanzu da wane baki zan yi musu bayani? Me zan rubuta?"

Ta juya hannun riga, ta ɗora dutse a kai.

"Rubuta musu an gano matsalar. Tana gaishe su, kuma ta ce ba za ta gyaru ba sai an kira mai gyaran wuta."