Rasuwar Ƙofar Gidan Nemesio, Tare da Sunan Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai sauka daga wuyana ba, ni Eufrosina Balingbing, wadda kuka fi sani da Manay Prosing, matar marigayi Nemesio, nake sanar da dangi da maƙwabta da duk mai gida a gindin Dutsen nan mai aman wuta rasuwar ƙofata. Ta rasu ranar Talata da hantsi, cikin guguwar da ta wuce, a ƙarƙashin ƙafafuna, bayan shekara arba'in da huɗu a bakin aiki. Ban yi makaranta ba, ƙanwata Consuelo ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta zuba wa maganata sukari.

Marigayiya 'yar asali ce. Nemesio ya sassaƙa ta da hannunsa daga icen narra, shekarar da muka tare. Ciki take buɗewa, kamar kowace ƙofa mai tarbiyya a unguwar nan. Ko akuya ta san dalili. Idan ruwa ya gangaro daga Dutse da baƙin yashi yake zuwa, ya jibge shi a bakin ƙofa har gwiwa. Sai ka jawo ƙofarka ciki, ka ɗau shebur, ka haƙa wa kanka hanya.

Ba ta san munafunci ba. In baƙo ne, a hankali take cewa "ƙiii". In Nemesio ne ya dawo daga faɗan zakaru, ya sha giyar kwakwa yana sanɗa, sai ta ja "ƙiiii-ƙararrr" har karnukan layi su amsa. Ya sha ɗura mata man kwakwa don ta rufa masa asiri. Ta shanye man, ta kuma tona shi. Ranar da aka fita da gawarsa gefen akwatin ya goge ta, ta riƙe tabon har ƙarshen rayuwarta.

Ciwon ajalinta daga Hong Kong ya taso. 'Yata Marilou, mai aikin gida a can, ta bugo waya tana kuka, wai katako ba zai tare guguwa ba, ta ɗauko ƙwararre daga birni zai sa mini ta ƙarfe. Consuelo, rubuta sunansa da manyan baƙi: RENATO OLAYVAR. Ya zo da farar mota da hular kwano a kansa, kamar sama za ta rufto.

Ya cire marigayiya bai ko gaishe ta ba. Ya kwantar da ita bisa bokiti biyu ya mai da ta teburin aiki, yana huda ƙarfensa a kanta, injin na zarcewa yana huda ta, huji a jere tun daga wannan gefe har wancan. A kanta ya ci shinkafarsa da busasshen kifi. Da ya gama ya yar da ita a gindin ayaba.

Na ce masa, "Kai yaro, ƙofar nan taka waje take buɗewa."

Ya kira ni Nanay, wato Mama, ya ce, "Haka ake yi. Iska na tura ta, tana ƙara rufuwa."

"Yashi fa?"

"Wane yashi?"

"Wanda kake tsaye a kai. Kana tsammanin siyo shi na yi don ado?"

Ya yi dariya, ya ɗauki hotona kusa da ƙofar ya tura wa Marilou.

Gaskiya guda zan ba shi: da guguwa ta zo, iska ba ta shigo ba. Ni ma ban fita ba. Yashi ya danne ƙarfen ta waje, ruwa ya sulalo ta kicin yana hawa ƙafata. Na tura, na daka da taɓarya, na zage ta da sunan uwar mai ita. Ko "ƙi" ba ta ce ba. Ƙofa ce marar murya.

Maƙwabcina Manoy Tasyo mai aladu shi ya ji ihuna. Tsakanin titi da tagata taɓo ne mai haɗiye mutum har ƙugu. Ya hango marigayiya a gindin ayaba, ya jawo ta, ya shimfiɗa ta daga titi zuwa bakin taga.

Ya ce, "Manay, fito."

Na ce, "Ta taga? Da wannan ƙugun?"

"To zauna ki koyi iyo."

Na fito, rungume da hoton Nemesio da tukunyar shinkafata. Marigayiya ta ɗauke ni, ita da aka wulaƙanta aka yar. Ina dab da titi, daidai layin hujin Renato, ta ce "ƙiii", a hankali, irin wanda take yi wa baƙo. Tasyo ya cafki hannuna, ita kuma ta rabe biyu.

Ta rasu ta bar sakata ɗaya, gwauruwa yanzu; dutsen da ke tokare ta da rana, wanda tun ranar bai motsa ba; busasshen ganyen dabino na coci da ke maƙale a goshinta; da tsaka guda da aka haifa a bayanta, yanzu tana yawo a bango ba uwa ba uba. Ta kuma bar ni, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, ina shiga gidan mijina ta taga kamar ɓarauniya. Tasyo ya so ya kwashe yashin, na hana. Shaida ce.

Na sa an kira Renato. Wai ai ƙofarsa ba ta karye ba, aiki ya yi kyau. Ba kuɗinsa nake nema ba, kuma mai unguwa ya ji wannan daga bakina. Abin da nake so shi ne ya zo ya juya ƙarfen nan ya dubi ciki, ya kuma durƙusa ya ba gawa haƙuri.

Ga tsarin jana'iza. Gawa na tsakar gida bisa benci, an haɗa ɓarin biyu an rufe da farin zane. Za a yi addu'ar kwana tara, akwai kofi da biskit, masu karta su zo da kujerunsu. Mai son yi mini gaisuwa ya ƙwanƙwasa taga. Fada ya ce ba ya yi wa katako salla, Allah ya shirye shi, Consuelo za ta ja addu'ar. Ranar Asabar za a binne ta a gindin ayaba, Tasyo zai riƙe kai, Renato ƙafa.

Shebur na jingine a bango, na Renato ne, shi zai kwashe yashin. Bayan haka, a matsayinsa na babban baƙo, an ajiye masa kujera a cikin falo. Yana zama za mu rufe masa ƙofarsa mai kyau, mu mai da yashin inda Dutse ya ajiye shi, in kuma sa a buga wa taga ƙusa. Duk unguwa za ta tsaya a waje, mu ga yadda ake fita a birni.

Allah ya ba ta hutawa, ya haɗa ta da Nemesio, ta ci gaba da tona shi.