Ranar da Na Kai Surukina Dubiyar Wanda Ban Sani Ba

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a asibiti ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin an ƙara mini girma a ofis, ni kuma maimakon in yi ƙiba sai na fara lalacewa. Ina zaune lafiya sai gabana ya faɗi, zufa ta karyo, numfashi ya sarƙe. A gida kuwa na zama abin tsoro, ko cokali ya faɗi sai na yi faɗa. Matata ta fara zancen ko za ta je gidansu ta huta kwana biyu, kuma kowa ya san irin wannan kwana biyun. Aka auna jini, aka auna zuciya, komai ƙalau. Likita ya ce damuwa ce, ya rubuta mini kati mai ruwan ɗorawa, ya ce in je in ga masaniyar halayyar ɗan Adam.

Ni? Mutumin da ake kira ya sasanta rigimar wasu a Ƙofar Guga? A tunanina na lokacin, duk wanda aka gani a wannan sashen, shi ke nan an gama da shi a gari. Sati uku katin na aljihuna. Ranar da na daure na tafi, na sa takunkumi na ja hula har gira (wai ni nan na ɓad da kama, alhali da ƙafata da tumbina na tafi).

Saura taku uku in kai ƙofar sai na ji an ce, "A'a, Malam, kai ne nan?"

Surukina ne, mahaifin matata, dattijon unguwar Gobarau wanda shekara tara ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Na zube ƙasa na kwashi gaisuwa. Bayan an tambayi iyali, an tambayi aiki, an tambayi gajiya, ya ce, "Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Dubiya na zo. Wani abokin aikinmu ne ya karye a ƙafa."

"Subhanallahi. Ai sai mu je tare in yi mashi sannu."

Jama'a, ta ina mutum zai ce wa surukinsa a'a? Bai tsaya nan ba, sai da ya aika aka sayo lemu da ayaba, ya ce ba a zuwa dubiya hannu sake. Na riƙo leda, yana gaba ina baya, muka nufi ɗakin maza. Ina tafe ina addu'ar Allah ya sa akwai mai karaya, Allah ya sa kuma yana barci. (Ku duba fa, ina roƙon wani bawan Allah ya karye don in fita kunya.)

Rabin addu'ar ta karɓu. Ga wani a gadon ƙarshe an ɗaure masa ƙafa, amma idonsa biyu tar. Na ƙarasa da fara'a kamar tare muka tashi. "Mutumina, ya jiki?" Shi ma ɗan halak, bai ba ni kunya da wuri ba. Ya amsa da sauƙi, ya tambayi mutan gida, ya karɓi lemu ya sa albarka. Baba ya zauna ya yi masa doguwar addu'a muka shafa. Har na fara murna na tsira, sai Baba ya ce, "To ya aka yi da aikin ofis ɗin naku?"

Mutumin ya dube shi, ya dube ni. "Ofis kuma, Alhaji? Ni manomi ne daga Batagarawa, amalanken shanu ya bi ta kaina." Ya ƙara dubana cikin ladabi. "Malam, ka yi haƙuri, tun ɗazu nake ta lalube ban gane ka ba. Ɗan gidan wa ne?"

Wani mai jinya a gado na gaba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni dai na ji da ƙasa za ta tsage da na shige, har in jawo ta in rufe.

Baba ya miƙe. Ya yi wa manomin sallama, muka fito, ya bi hanyar da muka zo har bakin ƙofar nan da nake gudu. Nas ɗin da ke zaune a wurin ta ce, "Baba, an yi mantuwa ne?" Sai ya sa hannu a aljihu ya fiddo kati mai ruwan ɗorawa, irin nawa sak.

"Tun da ka durƙusa na hangi naka a aljihun gaba," in ji shi. "Ni tun rasuwar Hajiya nake zuwa. Wata shida ban iya cin abinci ba, yanzu ga ni. Ina zuwa masallaci, ina zuwa nan, ban ga wanda ya hana wani ba. Shiga, kar ka sa ɗiyata ta dawo mani gida."

Na ce, "To, Baba," murya kamar ta ɗan tsako. Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa, "Dubiyar kuma ba ta ɓaci ba, mun samu lada."

Da na shiga, Malamar ta tambaye ni abin da ke tafe da ni. Na riga na shirya cewa wani abokina ne ke da matsala, amma abokai na ƙarya sun ishe ni a ranar. Na kwashe komai na faɗa mata, har da manomin. Ta yi dariya kaɗan, sannan ta ce, "Sau nawa a sati kake ɗaukar wahala irin wannan don kar a ce ka gaza?" Sai kawai hawaye suka zubo mini. A ofis aikin mutum uku nake yi saboda ban iya cewa ya yi mini yawa.

Na yi wata huɗu ina zuwa. Ta koya mini yadda zan ja numfashi in abin ya taso, da rubuta tunanin da ke tsorata ni in duba ko gaskiya ne, da yadda ake cewa "ba zan iya ba" ba tare da an mutu ba. Faɗuwar gaban ta ragu sosai. Matata ta daina zancen hutu.

Abin da na koya shi ne, kunyar da nake gudu ta minti ɗaya ce a bakin ƙofa. Wadda na jawo wa kaina da hannuna kuwa, har yau in an taru a gidan surukaina sai wani ya tambaye ni ya mai jiki.