Wasan da na yi wa Yagana a kurmi

Ko na so in manta da ranar nan ba zan taɓa iyawa ba, domin ranar ce rawar kaina ta cuce ni.

Ni Bafulatana ce, haifaffiyar unguwar Malam Inna, ina koyarwa a wata firamare a Pantami. Aminiyata a wurin aiki ita ce Yagana, Babarbariya da rikici ya koro daga ƙauyensu a Borno. Kun dai san wasan Fulani da Barebari. Kullum da safe sai ta ce, "Baiwata, kin share mini aji?" Ni kuma in ce Barebari matsorata ne, ko akuya ta yi atishawa sai su ruga. (Na san gudun hijira ta yi, amma ban taɓa tambayar ta yadda aka yi ba. Bakina bai da lokacin tambaya, tsokana ta cika shi.)

A ƙarshen zangon karatu mu malamai muka ɗauki mota muka tafi shan iska wajen Dadin Kowa, inda kogin Gongola ke ratsawa tsakanin duwatsu. Wurin ya yi kyau ba kaɗan ba. Ruwa na can ƙasa yana ƙugi, duwatsu tsaye hagu da dama, ga wata siririyar hanya da ta shige cikin kurmi. Kowa na ta ɗaukar hoto. Yagana kuwa ta ja ta tsaya a bakin hanyar, ta ce za ta jira mu a mota.

"Ban faɗa muku ba?" na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Har ganye tsoronsa suke yi!"

Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta gyara mayafi ta biyo mu.

Da na tsaya a nan, da an rabu lafiya. Ina! Sai na sulale na yi gaba, na laɓe bayan wata ƙatuwar tsamiya (ni da shekara arba'in da ciwon gwiwa). Suna isowa na girgiza reshe, na yi tsalle na fito, na kumbura murya: "Kowa ya tsaya! Kada wanda ya motsa!"

Sauran suka zabura, suka fashe da dariya. Yagana ba ta gudu ba. Zubewa ta yi ƙasa, ta fizgo Madam Rifkatu, malamar aji uku da ke kusa da ita, ta toshe mata baki da tafin hannu. Tana ta raɗa da Barbarci. Kalma ɗaya kawai na gane, suna ne: Falmata.

Dariya ta mutu. Ni kuma ina tsaye da busassun ganye a ɗankwali, kamar mahaukaciya.

Madam Rifkatu ta rungume ta har ta dawo hayyacinta, aka ba ta ruwa. Can Yagana ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Falmata 'yata ce. Kwana uku muka yi a daji irin wannan. Ni na fito, ita ban fito da ita ba."

Shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya, ban san ta taɓa haihuwa ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina kuka, na ce, "Yagana, don girman Allah ki yafe mini."

"Babu komai, Malama," in ji ta. "Ai wasa ne a tsakaninmu."

Malama. Tun da muke ba ta taɓa kira na haka ba.

Har yau muna makaranta ɗaya. Tana gaishe ni, tana tambayar yara da maigida, in na yi rashin lafiya ita ce kan gaba wajen dubiya. Na koyi cewa kafin ka kira mutum matsoraci, ka fara tambayar abin da idonsa ya gani, sai dai a makare na koya. Yanzu duk makarantar babu mai girmama ni kamar Yagana, kuma wallahi ban taɓa sanin girmamawa na da ciwo haka ba.