Malam Barau da Kajin Walima

Wani mutum ne a Unguwar Madaki, ana ce masa Malam Barau mai wankin hula. Hula kam ya iya ta, ba a ja da shi. Amma in kana so ka ɓata masa rai, to ka yabi wankin hularsa. Shi a wurinsa wankin hula rufin asiri ne kawai, ainihin sana'arsa wasan kwaikwayo. In ji shi, lokacin da yake Kaduna, in ya yi wasan kuka sai an fitar da mata a sume, in ya yi na dariya sai an yi wa mutane fifita. Ya ce akwai ranar da ya fito a ɓarawo, wasan ya yi kyau har 'yan sanda suka raka shi gida. Abin da mutanen unguwa suka iya tabbatarwa dai guda ɗaya ne: ya taɓa zuwa Kaduna.

Ana nan, aka gama ginin ƙaramin asibitin unguwa, aka sa ranar buɗewa. Hakimi zai zo. Aka ce ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa ta shirya ɗan gajeren wasa a kan lafiya, in ya yi armashi za a ba su ɗakin da suka daɗe suna roƙo, su huta da yin gwaji a gindin darbejiya.

Shugabar ƙungiya, Malama Kande ta makarantar firamare, ta tara su bayan la'asar a wani aji don a zaɓi wasa. Malam Barau ba ɗan ƙungiya ba ne, amma shi ya fara zuwa, shi ya zauna a kujerar malami.

Malama Kande ta ce, "Wasa uku ne a gabanmu. Na farko a kan gidan sauro ne."

Malam Barau ya yi tsaki. "Sauro? Hakimi ya taso takanas ya zo kallon sauro? Yana da su a gida."

"Na biyu na ban tausayi ne, wata mata ce aka makara wajen kai ta asibiti."

"Kuka a ranar buki? In na saki nawa kukan, sabon asibitin ba zai ɗauki masu suma ba. Wuce."

Malama Kande ta ci gaba. "Na uku na ban dariya ne. Wani attajiri ne ya shirya walima. Aka soya kaji, aka jera su a faranti, aka ajiye gaban Alhaji..."

Kunnuwan Malam Barau suka miƙe.

"Tsaya nan, Malama! Na san shi."

Ta dube shi. Wasan dai ita ta ƙirƙiro shi da kanta a makon da ya wuce, tana tsintar shinkafa.

"Ka san shi?"

"Kamar yunwar cikina. Ni ne Alhajin a Kaduna. Shi za a yi, kuma ni zan fito a Alhaji, don kada yara su lalata shi."

"To bari in ƙarasa wa sauran labarin."

"Ki ƙarasa musu bayan na tafi, ni kada ki ɓata mini lokaci. Sharaɗina ɗaya: kaji na gaske. Mu ƙwararru ba ma tauna iska. Ɗan kallo yana gane tauna ta ƙarya tun daga layin baya."

Malama Kande ta buɗe baki za ta yi bayani. Jatau tela, wanda zai fito a babban baƙo, ya ɗan ɗaga mata hannu, fuskarsa ba alamar dariya. "Malama, a bar wa ƙwararre abinsa. Tunda ya sani, ya sani."

Aka zaɓi wasan walima. Wani mai gidan gona ya yi alkawarin kaji ranar buki.

Gwaji kuwa Malam Barau ko leƙe. Duk wanda aka aika sai ya ce, "Gwaji na masu koyo ne." Sai suka riƙa ɗora matashin kai a kujerar Alhaji, su sa masa hula, su yi gwajinsu. Jatau ya ce tunda yake wasa bai taɓa aiki da natsattsen ɗan wasa irin matashin nan ba.

Ana gobe buki Malam Barau ya ɗaura nasa shirin. Daga abincin rana ya kulle bakinsa. Matarsa Ladidi ta kawo tuwon dare, ya ce a ɗauke. Da safe ta dama koko, ya ce ƙwararre ba ya hawa dandali da nauyin ciki. A ransa kuwa wuri yake sharewa. Har ya tsara: cinya tukuna, sannan ƙirji, ƙundu a ƙarshe.

Ranar buki filin asibiti ya cika maƙil. Hakimi a gaba, mata a gefe da goyo. Malam Barau ya iso cikin babbar rigar aro, yana tafiyar ƙasaita. Ya tarar 'yar makirufo guda ce tak ta maƙalawa a riga, ya ce tasa ce, muryarsa ba ta raba kaya da kowa. Mai lasifika ya maƙala masa ita a wuyan riga ta ciki.

A bayan labule ƙamshin kaji ya doke shi har sai da ya dafa bango. Sai ga Malama Kande da dunƙulen auduga da farin ƙyalle.

"Buɗe baki, Malam."

"Na me?"

"Na kumburin. Ai ka san Alhaji haƙori ke damunsa. Ya ƙi asibiti, ya je wani ya fasa masa shi da filaya."

Malam Barau ya dubi ƙyalle, ya dubi faranti.

"Eh... na tuna. To amma a Kaduna, Alhajin yakan ɗan taɓa kafin ciwon ya taso."

"A nan da ciwon ya kwana."

"A ƙarshe ai yana warkewa ko?"

"Yana warkewa. Bayan baƙi sun cinye."

"To me zan ce a wasan?"

"Mmm. In aka yi maka magana ka ce mmm."

Kafin ya samo wata dabara an tura masa auduga a kunci. Jatau ya naɗe masa haɓa da ƙyalle, ya ƙulle a tsakar ka, ƙulli irin na tela, tamau. Aka ja labule.

Aka ajiye faranti a gabansa, daidai hancinsa. Baƙi suka zauna suka yi bisimilla. Jatau ya ɗauki cinya, ya juya ta a hankali, ya gatsa. Ƙurus!

"Alhaji, ba ka ci?"

"Mmm."

"Allah sarki. Bari in ci maka."

Mutane suka fashe da dariya. Malam Barau yana bin kowace loma da ido, daga faranti har maƙogwaron mai ita. Hawaye suka zubo masa shar. Hakimi ya gyaɗa kai ya ce da na kusa da shi lallai mutumin nan ya iya.

Ashe garin naɗin haɓa 'yar makirufo ta suɓuce, ta gangara cikin riga, ta tsaya a kan cibiya. Jatau na tsotsar ƙashi, fili ya yi tsit, sai lasifika ta ɗauka:

Ƙululululuuu!

Wata akuya da ke bakin fili ta tsinke igiya. Mai lasifika ya duƙa yana duba waya. Bai ɗago ba aka sake: Gurrrr... ƙwal!

Jatau ya dubi sama. "Alhaji, hadari ne?"

"Mmm."

Faranti na ta raguwa. Ƙirji ya tafi. Ƙundu ya tafi, wani siririn baƙo ya jefa shi baki ko taunawa bai yi sosai ba. Saura cinya guda. Jatau ya miƙa hannu.

Nan Malam Barau ya kasa. Ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa ciki, wai don kada a gani, ya matse murya ta tsakanin haƙora. Lasifika kuwa ta kwashe ta tas, ta watsa har bakin kasuwa:

"Jatau, don girman Allah ka rage mini wannan. Tun jiya ban ci komai ba."

Fili ya kaure da dariya. Dogarin hakimi ya zauna a ƙasa daɓas. Wasu na tafi, suna cewa kai, wanda ya tsara wasan nan ya iya saka magana.

Sai Ladidi ta miƙe daga cikin mata, ranta a ɓace, ta gyara mayafi ta ɗaga murya.

"Ku daina dariya, wallahi ba wasa yake ba! Tuwonsa na jiya yana nan a rufe, ni ya hana ni ba wa kowa wai ko kajin ba za su ishe shi ba!"

Jatau ya jinjina kai cikin tausayi, ya gatsa cinyar.