Bugu Arba'in

A Tudun Ramuka, inda kurege da gafiya da bushiya ke zaune ƙarƙashin mulkin Dabgi, kowane rami yana da dutsen da ake toshe bakinsa daga ciki. Iyaye su fita neman abinci, yara su rufe. Abin tsoronsu ɗaya ne, Tunku, wanda ke kwanciya cikin ciyawa yana jiran ƙofa ta buɗe.

Tun zamanin kakanni akwai yadda ake buɗewa. Uba ya dawo ya taɓa dutse, yara su buga daga ciki yadda suka ga dama, yau uku, gobe takwas. Shi kuma ya juya bugun nasu bisa wata ƙa'ida da gidan kaɗai ya sani, ya amsa. In amsa ta yi daidai, a buɗe. Kowa ya san tsarin, har Tunku. Abin da bai sani ba shi ne ƙa'idar kowane gida, kuma amsar jiya ba ta buɗe ƙofar yau.

Wata rana Dabgi ya dawo daga walimar gara, ciki ya cika, kai ya yi nauyi, ya kuskure amsa har sau uku. 'Ya'yansa suka ƙi buɗewa, kamar yadda shi da kansa ya koya musu. Ya yini a rana a bakin ƙofarsa, talakawa na wucewa suna gaishe shi da ladabin da ya wuce na kullum.

Washegari aka kira majalisa. Hawainiya, mashawarciyar fada, wadda ba ta taɓa kwana a rami ba, ta miƙe a hankali.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja, matsalarmu ba ta Tunku ba ce, ta tarbiyya ce. A ina aka taɓa jin ɗa yana yi wa ubansa tambaya kafin ya buɗe masa gidan da uban ya haƙa? Na tsara sabon bugu, guda arba'in, da gajere da dogo, iri ɗaya ga kowane gida. Ba za a koya wa kowa ba sai ya rantse zai riƙe sirri. Yaro ba zai ƙara tambaya ba. Zai saurara, ya buɗe."

Aka yi ta tafi. Gafiyoyin majalisa suka ce ko su da aka koya wa sai da suka sha wuya, ina ga Tunku da bai je makaranta ba.

Akwai wani kurege mai suna Korau, matarsa ta rasu ta bar masa yara uku. Kullum ya fita, rabin hankalinsa na bakin raminsa. Bayan mako guda ya nemi izinin magana a majalisa, ya shigo da baƙo, wani maƙwaƙwafi da ke zaune kan bishiyar kirya a gefen tudun. Ya tambaye shi gaban kowa ko an taɓa koya masa bugun, ko ya yi rantsuwa. Tsuntsun ya ce a'a, shi dai yana ji ne daga sama, safe da yamma, gida bayan gida, har ya gundure shi. Sannan ya sa baki a ƙofar majalisa ya buga arba'in ɗin cif, bai rasa ko ɗaya ba.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo kunyata kowa ba. Abin da ake bugawa a fili kullum ba ya ɓoyuwa, komai tsawonsa. Tunku ma yana da kunne, kuma ya fi wannan tsuntsu haƙuri. Yarana uku ne, ƙaramar ko gudu ba ta iya ba. Ku bar su su tambaye ni."

Majalisa ta tattauna har azahar. Ta yanke cewa bugun bai karye ba, tunda an kwaikwaye shi ne ba tare da izini ba. Aka kori maƙwaƙwafi daga kirya. Aka kafa dokar hana sauraron ƙofar wani, Hawainiya ta sa aka yi shela da ƙarfi ta wajen ciyawa, don wanda abin ya shafa ya ji.

Korau ya koma gida ya ce wa babban ɗansa, ko wa ya buga arba'in, ko da muryar ubansu ya zo, su yi tambayarsu irin ta da.

Kafin wata ya ƙare, ramuka goma sha ɗaya sun zama babu yara. Ba a ga alamar an fasa dutse ba. An ture shi ne daga ciki, cikin biyayya. Sau biyu aka buga arba'in a ƙofar Korau yana daji, yaran suka buga biyar, wanda ke waje ya juya ya tafi.

Iyayen da suka yi rashi suka cika majalisa da kuka. Hawainiya ta bari suka gaji, sannan ta ce abu biyu ne a gabansu. Bugun ba ya karyuwa, majalisa ta riga ta tabbatar. Ke nan wani ne ya tona shi. Ta roƙi masu daraja su duba layin nan, su ga gidan wa Tunku ya tsallake.

Duk suka juya suka dubi Korau, har waɗanda suka yi ta shawagi a ƙofarsa kwanakin nan suna son tambayarsa yadda ya yi.

Dabgi ya yanke hukunci cikin tausayi. Ba za a kori Korau ba, saboda marayu. Za a dai ɗauke dutsen ƙofarsa, tunda shi da Tunku ba su da abin ɓoye wa juna. Bugun kuma aka ƙara shi zuwa tamanin.

Gafiyoyi huɗu suka mirgina dutsen zuwa fada. Korau ya shiga ramin da baya, ya toshe bakin da jikinsa, fuskarsa na kallon ciyawa. A kwana na biyu ƙaramar ta taɓa bayansa ta ce, "Baba, yaushe za ka je ka samo mana abinci?"

Ya ce mata ta koma ciki.