Gwaggo Ta Yi wa Mai Girma Miya

Yau da safe, ni da ko sallama ba na iya ɗaga murya, na tsinci kaina ina fisgar kwando da Gwaggo a tsakiyar layi. Ita tana ja, ni ina ja, tela ya bar kekensa ya fito kallo.

Ga yadda aka yi. Bayan gidanmu akwai fili inda aka shekara goma ana fasa tsofaffin batura. Ƙasar ta sha kadmiyam, wani ƙarfe mai guba da ke cin ƙoda a hankali. Bara sai ga Mai Girma Uban Dashe, Sarkin Ɗaukar Hoto, da motoci tara. Aka shuka wani ganye mai kama da alayyafo don ya tsotse gubar. Wallahi shawara ce mai kyau, har na tafa a zuciyata.

Shukar nan gwana ce. Ilimin tsirrai na karanta a jami'a, na san halinta. Idan kadmiyam ya shigo ta saiwa, sai ta saki wasu 'yan zarurruka su ɗaure shi tamau, ta tura shi wani ɗan ɗaki cikin ƙwayar ganyen, ta rufe. Ita ba ta mutu ba, ga ta koriya shar. Gubar kuma tana nan daram. Dole a yanke ganyen, a kai shi inda ba mai ci.

Na rubuta wa ofishinsu wasiƙa bakwai a kan haka. Ashe su ma sun iya dabarar: suka ɗaure wasiƙun da zare, suka tura durowa, suka rufe, suka ci gaba da sheƙi.

"Ke 'yar nan, sakar min kwando," in ji Gwaggo, da ta ciko shi da ganyen filin. "Mai Girma da bakinsa ya ce fili ya warke. Yau ma zai zo biki."

"Gwaggo, guba ce a ciki. Yara za ki ba?"

"Guba ce take wannan kyau? To, na ji. Babba ai shi ke fara ci."

Da hantsi aka kafa rumfa. Mai Girma ya nuna koren ganyen, ya ce nasara ba ta wuce wannan ba, ko jariri zai iya ci. Yana rufe baki sai ga Gwaggo ta durƙusa da kwanon miya yana tururi.

"Ranka ya daɗe, na filinka ne. Bismillah."

Masu hoto suka matso. Ban taɓa ganin mutum ya kalli cokali da irin wannan tsoro ba. Ya ce yana azumi. Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ka sha ɗazu fa?" Na cusa fuska cikin gyale, kafaɗuna suna rawa.

Gwaggo ta kalle shi, ta kalli kwanon, ta je ta kife shi a rami.

Kafin la'asar babbar mota ta zo, an yanke filin ƙarƙaf. Digirina da wasiƙu bakwai ba su yi abin da ludayi ɗaya ya yi ba.

Na tambayi direban inda za a kai ganyen, ya ce ba a gaya masa ba tukuna. Don haka makon nan, in kun ga alayyafo mai kyau fiye da kima kuma ga araha, ku ɗan tambayi asalinsa.